Garin Augsburg: yadda maƙwabta suka daina korar juna

  Yau za mu tafi Turai, ƙasar Jamus. Ba za mu zagaya ƙasar duka ba. Gari guda za mu shiga, mu zauna, mu ji labarinsa. Sunan garin Augsburg.

Mutanen wannan gari Kirista ne, amma sun rabu gida biyu: ƴan Katolika da mabiya wani malami mai suna Martin Luta. Sun yi fiye da shekara 100 suna korar juna. Sai da kusan mutum biyu cikin kowane uku suka ƙare a garin, sannan suka samo dabarar zama tare. Wannan dabara ita muke so ku gane yau. Wanda yake da alli ko biro, ya riƙa rubuta shekarun da za mu faɗa.

Ƙasar da garin

Jamus tana tsakiyar Turai. Nijar ta ninka ta girma fiye da sau uku. Augsburg yana kudancin ƙasar, a jihar Bavariya, wajen kilomita 60 daga birnin Munik. Yau mutanensa sun kai wajen 300,000.

Labarinmu ya fara shekara 500 da suka wuce, zamanin da Askiya Muhammadu yake sarautar Songai. A lokacin Jamus ba ƙasa guda ba ce mai gwamnati guda. Ƙananan ƙasashe ne masu yawa, kowace da sarkinta. Akwai kuma birane masu cin gashin kansu, waɗanda majalisar gari ke mulki. A bisa su duka akwai babban sarki, ana ce masa Kaisar. Manyan sarakuna bakwai ke zaɓensa.

Augsburg yana cikin biranen nan masu cin gashin kansu. Garin masaƙa ne da fatake. Masaƙan suna da yawa, galibinsu talakawa ne. Attajirin da ya fi kowa shi ne Yakubu Fuga. Kakansa masaƙi ne, amma shi ya yi arziki har sarakuna suna cin bashi wurinsa. A 1519, da aka zaɓi Karl na 5 ya zama Kaisar, fiye da rabin kuɗin da aka raba wa masu zaɓe daga hannun Fuga ya fito. Ku riƙe sunan nan, za mu sake jin sa.

Mafarin saɓani

A wancan zamani kusan duk Kiristan yammacin Turai suna bin shugaba guda, wato Paparoma, wanda ke zaune a Roma. Paparoma yana gina wata babbar majami'a, yana bukatar kuɗi. Wani babban limami na Jamus kuma, Albrecht na Mainz, ya ci bashin Fuga don ya biya kuɗin naɗinsa. Sai aka shirya a sayar wa jama'a wata takarda. Ana cewa wanda ya saye ta, za a rage masa azabar zunubinsa bayan mutuwa. Rabin kuɗin a kai Roma, rabi a biya bashin Fuga.

Martin Luta malamin addini ne a jami'ar garin Wittenberg. Shi ma ɗan Katolika ne a lokacin. Ya ce gafarar Allah ba kayan kasuwa ba ce. Ya ce mutum yana samun tsira ta bangaskiya da alherin Allah, ba da kuɗinsa ko yawan aikinsa ba. Ranar 31 ga Oktoba 1517 ya fitar da batutuwa 95 a rubuce, yana neman malamai su yi muhawara a kansu.

Da a zamanin rubutun hannu ne, da maganar ta tsaya tsakanin malamai. Amma wajen 1450 wani mutumin Mainz, Gutenberg, ya ƙago na'urar buga littattafai. Cikin ƴan watanni maganar Luta ta karaɗe Jamus. A 1522 ya juya Sabon Alkawari, wato kashi na biyu na littafin Kirista, zuwa harshen Jamusanci. A 1534 littafin duka ya fito. Da can galibi da Latin ake karanta shi, harshen da malamai kaɗai ke ji. Yanzu masaƙi da maƙeri suna karantawa da harshen gidansu. Wanda bai iya karatu ba, maƙwabcinsa ya karanta masa.

A watan Oktoba 1518 aka kira Luta Augsburg. Wakilin Paparoma ya tuhume shi kwana uku a cikin gidan Fuga, yana cewa ya janye maganarsa. Luta ya ƙi. Da ya ga za a kama shi, ya sulale da dare ya bar garin. A 1521 Paparoma ya fitar da shi daga majami'a, Kaisar kuma ya haramta koyarwarsa. Amma sarkin ƙasarsa, Saksoni, ya ɓoye shi. Sarakuna da birane da yawa suka bi shi.

A 1530 Kaisar ya tara sarakunan Jamus a Augsburg don a daidaita. Ranar 25 ga Yuni mabiya Luta suka karanta masa aƙidarsu a rubuce. Abokin Luta, Filibus Melanchthon, shi ya tsara ta. Kaisar bai karɓa ba. Kowa ya koma gida da nasa. Har yau wannan takarda ita ce tushen aƙidar ƴan Luta a duniya, kuma sunan garin take ɗauke da shi.

Kora ta farko da ramuwa

A cikin Augsburg, yawancin jama'a sun bi sabuwar koyarwa, musamman masaƙa da masu sana'a. Gidan Fuga da wasu manya suka tsaya kan Katolika. A 1537 majalisar gari ta hana ibadar Katolika. Limaman Katolika suka tattara kayansu suka fita. Ku lura da kyau: waɗanda aka tsananta wa jiya, su ne suka fara korar maƙwabtansu da suka sami ƙarfi.

Shekara goma bayan haka Kaisar ya yaƙi sarakunan Luta, ya ci su a 1547. Limaman Katolika suka dawo. A 1548 Kaisar ya rushe majalisar masu sana'a, ya danƙa garin ga manyan gidaje, yawancinsu ƴan Katolika. Ga gari mai yawan ƴan Luta, ga mulki a hannun ƴan Katolika.

Amma Kaisar ya ci yaƙi ne, bai ci zukata ba. Sarakuna suka sake tashi, ya rasa yadda zai yi. A ƙarshe, ranar 25 ga Satumba 1555, aka ƙulla sulhu a Augsburg. Ga abin da sulhun ya ce. Kowane sarki ya zaɓi ɗaya, Katolika ko Luta, talakawansa su bi shi. Wanda bai yarda ba, an ba shi izini ya sayar da kayansa ya ƙaura. Biranen da ke da ɓangare biyu, irin Augsburg, a bar kowa da majami'arsa.

Wannan sulhu ya tsai da yaƙi fiye da shekara 60. Amma ku duba lahaninsa. Sarki ne ya sami ƴanci, ba talaka ba. In sarki ya sauya aƙida, ko ya mutu magajinsa ya zo da wata, sai talaka ya bi ko ya bar gonar ubansa. A Augsburg kuma ba a taɓa zancen rabon mulki ba.

Rigimar kalanda

Ga misalin da zai nuna muku yadda rashin amana yake ɓata ko da gaskiya. Tsohuwar kalandar Turawa tana da ɗan kuskure. Shekararta ta fi shekarar rana tsawo da wajen minti 11. Minti 11 ba komi ba ne, amma cikin shekara 128 sun zama kwana guda. A 1582 Paparoma Gregori na 13 ya sa masana suka gyara. Aka tsallake kwana goma: daga 4 ga Oktoba, gari ya waye 15 ga Oktoba. Ita ce kalandar da ke rataye a ofisoshi yau.

Lissafin daidai ne. Majalisar Augsburg ta karɓe shi a 1583, domin ƙasashen da ke kewaye da garin sun karɓa, kuma kasuwa ba ta ci da kalanda biyu. Amma ƴan Luta suka ce ba za su bari Paparoma ya yanke musu ranar idi ba. Ku ƙaddara gida biyu, katanga guda ta raba su. Wannan yana idi, wancan yana cewa saura kwana goma.

A watan Yuni 1584 majalisa ta sa a fitar da babban mai wa'azin ƴan Luta, Georg Müller, daga garin cikin keken doki. Jama'a suka tare hanya suka ƙwace shi. Masaƙa suka fito da makamai, gari ya kusa kamawa da wuta. Daga baya aka kori masu wa'azi da yawa. Ƙasashen Luta na Jamus ba su gyara kalandarsu ba sai 1700. Shekara 118 suna ƙin lissafin da masanansu suka san gaskiya ne, don kawai ya fito daga bakin abokin gaba.

Yaƙin shekara 30

A watan Mayu 1618, a birnin Purag, wasu manyan Furotesta, wato masu ƙin bin Paparoma, suka jefo wakilan Kaisar ta taga. Daga nan yaƙi ya tashi, bai kwanta ba sai 1648.

Da fari sojojin Kaisar suka yi rinjaye. A watan Maris 1629 Kaisar Ferdinand na 2 ya ba da doka: duk dukiyar majami'a da ƴan Luta suka karɓe tun 1552, a mayar. Ranar 8 ga Agusta 1629 aka hana ibadar ƴan Luta a Augsburg. Aka sallami masu wa'azinsu, aka rufe majami'unsu, aka rushe wasu. Ku rubuta ranar nan, 8 ga Agusta.

A watan Afrilu 1632 sarkin Suwidin, Gustaf Adolf, wanda yake ɗan Luta ne, ya shigo garin da sojojinsa. Sai abin ya juya. Ƴan Luta suka karɓi majalisa, limaman Katolika da yawa suka bar gari. Hausawa suna cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Ba a daɗe ba, a watan Satumba 1634 aka ci sojojin Suwidin a Nördlingen. Sojojin Kaisar da na Bavariya suka kewaye Augsburg duk tsawon hunturu, suka tare hanyar abinci. Hunturun Jamus ba irin namu ba ne, ruwa daskarewa yake yi. Hatsi ya ƙare. Mutane suka ci karnuka da kyanwoyi da ɓeraye da fatu. Annoba ta bi bayan yunwa. A watan Maris 1635 garin ya miƙa wuya.

Kafin yaƙi mutanen Augsburg sun fi 40,000. Da aka ƙidaya su a 1635, wajen 16,000 aka samu. Yunwa ba ta tambayi kowa aƙidarsa ba. Masaƙin Luta da masaƙin Katolika rami guda aka zuba su.

Daga 1635 zuwa 1649 ƴan Luta ba su da majami'a ko guda a garin. Shekara 14 suna ibada a filin tsakar wata makaranta, ba rufi, cikin ruwa da ƙanƙara.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da yaƙin nan. A 1635 Faransa ta shiga. Sarkinta ɗan Katolika ne, babban wazirinsa Richelieu kuma babban limamin Katolika ne. Amma bayan Suwidin ta goya, ta yaƙi Kaisar ɗan'uwanta Katolika, domin tana tsoron ƙarfinsa. Kun ga ke nan. Da sunan addini aka kira talaka, amma manya ƙasa da iko suke nema. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa Jamus ta yi hasarar tsakanin kashi ɗaya cikin biyar da kashi ɗaya cikin uku na mutanenta.

Sulhun lissafi

Da kowa ya gaji, wakilai suka taru a garuruwa biyu na yankin Westfaliya, Münster da Osnabrück. Sun yi shekaru suna ciniki. Ranar 24 ga Oktoba 1648 aka sa hannu.

Ku saurari dabarar da suka yi. Ba su zauna su yanke wanda ya fi gaskiya wurin Allah ba. Sun san in suka taɓa wannan, ba za su tashi ba. Sai suka tambayi abin da ake iya ƙidayawa.

Na farko, zancen majami'u da gonakinsu. Kowa yana cewa nasa ne tun kakanni. Sai aka zaɓi rana guda: 1 ga Janairu 1624. Wanda majami'a take hannunsa a ranar nan, tasa ce. Aka rufe tsohuwar shari'a.

Na biyu, in sarki ya sauya aƙida, ba zai ƙara tilasta wa talakawansa su bi shi ba. An gyara babban lahanin 1555 ke nan.

Na uku, a majalisar sarakunan Jamus, ba za a yanke zancen addini da yawan ƙuri'a ba. Ɓangare biyu su zauna daban, sannan su daidaita.

Augsburg kuma, da wasu birane uku, Biberach da Ravensburg da Dinkelsbühl, aka yi musu tsari na musamman: raba daidai. Shugabannin gari biyu, ɗaya Katolika ɗaya Luta. Muƙaman gari a raba su rabi da rabi. Inda muƙami uku ne, bana wannan ɓangare ya riƙe biyu, baɗi wancan. Kowa ya kula da majami'unsa da makarantunsa, kada wani ya sa masa baki. A 1649 aka fara aiki da tsarin, ƴan Luta suka koma majami'unsu.

A Osnabrück ma an yi irin wannan. Sarautar ƙasar aka mayar ta karɓa-karɓa: in ɗan Katolika ya mutu, ɗan Luta ya hau, in ya mutu a koma wa Katolika.

Me ya sa wannan sulhu ya riƙe, na baya bai riƙe ba? Domin ya cire tsoro. Da can kowa ya san in maƙwabcinsa ya hau mulki, za a rufe masa wurin ibada. Saboda haka kowa yana neman ya riga. Yanzu ba wanda zai sami duka, ba kuma wanda zai rasa duka. An rubuta, kowa yana da kofi, kowa yana iya ƙidayawa da yatsunsa.

Abin da sulhun bai yi ba

Kada ku ɗauka sun zama aminai. Wani masanin tarihi ɗan Faransa, Etienne François, ya bincika takardun garin na bayan 1648. Ya ce akwai iyaka a tsakaninsu wadda ido ba ya gani. Suna zaune unguwa guda, suna cin kasuwa guda, wannan yana yi wa wancan aiki. Amma da wuya su ba juna aure. Sunayen da suke raɗa wa ƴaƴansu daban ne. Har hular da mata ke sawa tana nuna ɓangarensu.

Rabon kuma na mutum biyu ne kawai. Yahudawa, waɗanda aka kora daga garin tun wajen 1440, ba su sami izinin zama ba sai farkon shekarun 1800.

Duk da haka, tsarin ya yi aiki har 1806, lokacin da garin ya shiga ƙarƙashin Bavariya. Shekara 157 ana gardama a majalisa, ana kai ƙara, ana zage-zage a wa'azi, amma ba a ƙara korar wani ɓangare daga gari ba. Wanda ya je Augsburg yau zai ga majami'u biyu jingine da juna, ta Katolika da ta Luta, duka da sunan Ulrich.

Idin zaman lafiya

Ranar 8 ga Agusta 1650 ƴan Luta na Augsburg suka yi bikin godiya. Da gangan suka zaɓi ranar da aka rufe musu majami'u. Tun daga nan kowace shekara ana yin sa. Tun 1950 ranar ta zama hutun gwamnati, amma a garin Augsburg kaɗai. Da can idin ƴan Luta ne. Yanzu ƴan Katolika da Musulmi da Yahudawan garin suna halarta. Ana jera tebura a dandalin gari, kowa ya kawo abincinsa a ci tare.

Zancen tsira kuwa, wanda Luta ya fara tayarwa, sai ranar 31 ga Oktoba 1999 wakilan Paparoma da na ƴan Luta na duniya suka sa hannu kan matsaya guda game da tushensa. A Augsburg aka yi, a majami'ar Anna, inda Luta ya sauka a 1518. Ku yi lissafi: daga 1517 zuwa 1999, shekara 482 ke nan. Da mutanen garin sun ce ba za su zauna lafiya ba sai malamansu sun daidaita, da babu wanda ya rage. Har yau majami'un biyu ne, ba su haɗe ba.

Jama'a, ga abin da za ku riƙe. An gwada ƙarfi a 1537, da 1548, da 1629, da 1632, da 1635. Kowane karo wanda ya ci ya zaci ya gama. Kowane karo sai ya haifi ramuwa. Abin da ya tsai da jini shi ne rabo na adalci, a rubuce, wanda ƙarami da babba za su iya karantawa. Irin wannan rabo ana iya yinsa tun kafin a gina kaburbura. Mutanen Augsburg sun yi shi a baya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku bayan shiri:

1. Daga mutum 40,000 aka koma 16,000. Mutum nawa suka ragu?

2. Me ya sa ƴan Luta suka ƙi sabuwar kalanda, alhali lissafinta daidai ne?

3. Mene ne bambancin sulhun 1555 da na 1648 ga talaka?

4. Me ya sa aka zaɓi rana guda, 1 ga Janairu 1624, maimakon a bi tarihin kowace majami'a?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ko da layi biyu ne, ku ba malamin cibiyarku ya aiko mana.